Larabar da Mama Ta Ƙi Gogewa

"Lambar waya ce kawai, Mama. Ki gyara lamba ɗaya, ki koma aikinki."

"Na ji ka tun ɗazu, Manaja, kunnena bai mutu ba. Na ce ba zan taɓa layin nan ba."

Manajan asibitin sa'an ɗanta na fari ne, shi ya sa bai iya ɗaga mata murya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya mukullin mota a yatsa, ita kuwa ta ɗora tafin hannunta a kan madannan kwamfuta, kamar mai kare kwano daga kaji.

Shekara ashirin da shida ke nan Mama tana ɗakin ajiye bayanan majinyata, wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Da katin takarda ta fara. Da aka kawo kwamfuta, kowa ya ce kwananta ya ƙare a wurin. Tana da shekara arba'in ta shiga ajin koyo na ranar Asabar, tana zama cikin sa'o'in 'ya'yanta. Mijinta, tela, yakan ce, "Ke da zare ma ni ke saka miki a allura?" Ta ce ya bari ya gani. Ya kuwa gani.

A farko, dokar ita ce duk wanda ya gyara bayanin majinyaci ya rubuta ranar da hannunsa. Wasu su manta, wasu su rubuta ranar da ta yi musu daɗi. Sai Mama ta daina roƙon kowa. Ta rubuta wani ɗan umarni ta dasa shi a cikin rumbun bayanan kansa, ta sa masa suna ɗan gadi. Ko daga kwamfutar likita aka shigo, ko daga ɗakin magani, da an canza wani abu a layi sai ya buga ranar da lokacin a gefe. Ba ya faɗin wanda ya taɓa, ba ya faɗin abin da ke wurin a da. Lokacin taɓawa na ƙarshe kawai yake riƙewa, sabo ya zo ya share tsoho.

Ranar Litinin wata sabuwar nas ta yi wa wani dattijo allura, ta ba shi miligiram hamsin na magani. Dattijon ya sha da ƙyar. Da aka buɗe kwamfuta, biyar aka gani a umarnin likita. Nas ta rantse har muryarta ta dushe cewa hamsin ta karanta, amma wa zai ji ta? Likitan surukin mai asibiti ne. Aka ce ranar Juma'a kwamiti zai zauna, a kore ta, a kuma rubuta wa hukuma a karɓe lasisinta.

Mama ta duba gefen layin dattijon, inda umarnin likita yake. Ɗan gadi ya buga Laraba, ƙarfe goma da minti goma sha biyu na safe. Kwana biyu bayan allurar.

Shi ne yau Alhamis Manaja ya tuna cewa lambar wayar dattijon ba daidai take ba.

"Ɗana, zo ka zauna," in ji Mama. "Ni da kai mun san in na gyara lambar nan, Laraba ta tafi, Alhamis ta hau. Gobe a ce ai tsohuwar nan ce ta taɓa wurin tana gyaran waya. Wa ya koya maka dabarar? Don ba taka ba ce, kai ko firinta sai an kunna maka."

"Mama, umarni ne daga sama."

"Sama ni ma nake kallo kullum, matakala ce."

"To ki cire abin nan gaba ɗaya. Ke kika saka shi."

"Ni na saka shi, kuma minti ɗaya ya ishe ni in cire. Ba zan cire ba."

Ya rage murya. "Saura miki shekara biyu ki yi ritaya. Yarinyar nan 'yarki ce?"

"'Yar wata ce. Uwarta ma wata tara ta ɗauke ta."

Tana faɗin haka ta danna, firinta ta fara tari. Kwafi uku na layin dattijon ta fitar, da Larabar a gefensa. Ta sa hannu a kowanne a gabansa, ta saka ɗaya a jakarta, ɗaya a durowa ta murɗa mukulli, ta miƙa masa na uku.

"Riƙe. Kada ka ce na yi a bayan idonka."

Ba a gayyace ta zaman kwamitin ba. Ta dai je, ta ja kujera ta zauna kusa da nas ɗin da ke ta murza gefen mayafi. Ta ajiye kwafinta a kan tebur, likitan ya kalli takardar ya yi dariya, ya ce wannan ba ta nuna shi ne ya canza komai ba.

"Gaskiyarka, likita," in ji Mama. "Ban ce kai ne ba, ɗan gadina bai san fuskar kowa ba. Na ce an taɓa layin ranar Laraba. Abin da kuke karantawa yau, ba ku da tabbacin shi yarinyar nan ta karanta ranar Litinin. To da me za ku kore ta?"

Shugabar nas-nas ta juya takardar ta sake juyawa, sannan ta ce ita dai ba za ta sa hannu a kora ba. Mutum biyu suka bi bayanta. Zaman ya watse ba a rubuta wa hukuma komai ba.

A baranda nas ta durƙusa tana kuka tana riƙe da zanen Mama.

"Tashi, 'yata, kada ki jiƙa mini zane. Daga yau in kin ga lamba ta yi girma, ki tambaya kafin ki zuƙi allura, ko wa ya rubuta."

Manaja ya fito ya miƙa mata ambulan, idonsa a ƙasa. Takardar gargaɗi ce, wai ta ƙi bin umarnin na gaba. Ta karanta har ƙarshe, ta ninke ta huɗu ta cusa a jaka.

"Ta biyu ke nan a shekara ashirin da shida. Ba laifi."

Daga can ƙarshen baranda mai ɗakin magani ya leƙo yana kira, wai kwamfutarsa ta ƙi buɗewa, ga mutane sun yi layi har waje.

"Ka duba soket?"

"Na duba, Mama!"

"Ba ka duba ba. Ina zuwa."

Ta gyara tabarau, ta rataya jaka, ta nufi ɗakin magani.