Ranar da Kaka ta aike ni kasuwa ni kaɗai

Har yau kwandon kabar nan yana rataye a bayan ƙofar ɗakin Kaka, hannunsa ɗaya ɗaure da tsumma. In na gan shi sai in ji warin daddawa da ɗanyen tattasai.

Kaka ba ta hawa kabu-kabu zuwa kasuwar Mafara. A ƙasa muke tafiya, ita gaba, ni baya da kwando, kuɗin mashin kuwa ya shiga miya. Ba ta saye a bakin kasuwa, kuma ba ta fita sai bayan la'asar, lokacin da mutanen ƙauye ke ƙosawa su koma gida. Ita ke ciniki, ni nawa kallo ne, don a lokacin ko gaisuwa sai an sunkuyo ake jin muryata.

Wata Talata cikin damina gwiwarta ta kumbura, ga surukan Goggo za su zo daga Bakura washegari. Kaka ta ƙulle mini kuɗi a bakin hijabi. Na san babu wasu bayansu. In aka cuce ni, miya lami baƙi za su sha.

Na tafi ina tsallake kwatami har can ƙarshen kasuwa, wurin wata tsohuwa 'yar Garbadu mai kasa tumatir a kan buhu. Ta faɗi kuɗin kashi. Na buɗe baki in ce ta rage, maganar ta maƙale. Na tsaya ina kallon yatsun ƙafarta da suka sha laka.

Ta rage. Ban tanka ba. Ta sake ragewa, ta ɗora tattasai uku gyara.

"Kai, wagga ɗiya!" ta ce wa maƙwabciyarta. "Ta fi kakarta wuyar ciniki. Waccan ko faɗa tana yi, wagga ko shiru za ta kashe ni da shi."

Mahauci ma, da na tsaya masa haka, har tsoka ya ƙara mini, wai in matsa in ba mutane wuri.

A gida Kaka ta zazzage kwandon a faifai, ta juya kowane tumatir, ta danna naman da yatsa. Sannan ta ce, "To, ɗora ruwa." Na je na ɗora, na san cefanen ya yi.

Yanzu ni ke cefanen gidanmu in na taso daga makaranta. Ƙawayena kan tsaya a shagon bakin titi, inda aka manna wa komai farashi. Ni ina wucewa ciki. Bakina ya buɗe, na iya tayi sosai, amma ban sake samun araha irin ta ranar nan ba.