Tagar da Iya Abu ta Toshe

Cikin shekarun da na yi ina aikin duba-gari a Sandamu, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na yi karo da Iya Abu. Tsakiyar damina ce. Daga asibiti aka turo ni, wai wani jariri yana ta dawowa da tari, ƙirjinsa na kuka, magani ya ƙi ci. A ƙa'idarmu, in ciwo ya ƙi tafiya, gidan ake zuwa a duba.

Ina ɗaga labulen ɗakin mai jego, wallahi sai da na ja da baya. Turaren wuta a sama, warin danshi a ƙasa. An cusa wa taga tsumma, an bi da leda an buga ƙusa. Ga ruwan wankan jego yana tururi, ga jiƙaƙƙun zannuwa a shanye a jikin gado.

Iya Abu, kakar yaron, ta tare ni. "Ke 'yar nan, kul kika taɓa tagar nan! In sanyi ya kama mini miji, ke za ki ba ni wani?" Jikan nata take nufi.

Na ce, "Haba Iya, ina ni ina taga? Jeren ɗaki na zo kallo. Kama mini mu matsar da kabad ɗin nan."

Muka ja. Bango baƙi ƙirin! Fumfuna ta yi gashi har ƙarƙashin katifa, daidai inda ake ajiye kan yaron. Na ce, "Iya, ga abin da mijinki yake shaƙa. Danshi da rufaffen ɗaki ne abincinta, ita ke cin ƙirjinsa."

Ta yi salati, ta daɗe tana kallon yaron. Sai ta leƙa tsakar gida ta ƙwala wa ɗanta kira: "Kai Sule! Wane marar hankali ne ya toshe tagar nan?" Bawan Allah ya buɗe baki, na harare shi, ya rufe. Da hannunta ta fizge ledar.

Aka sauya wa mai jego ɗaki, aka kankare bango, aka kai katifa rana, aka gyara inda rufi ke yoyo. Tari ya lafa. Ranar arba'in na ji Iya Abu tana gaya wa 'yan barka, ita dama ta sha faɗa musu su bar iska ta shiga.

To, ku sababbin ma'aikata, ku ji ni. A aikin nan ba a kunyata tsohuwa a gidan ɗanta. Ku nuna mata bangon kawai, ku bar mata yabon. Mu numfashin yaron muka je nema, kuma mun samu.