Muryoyin Mashigin Ƙasa

A gidanmu na Djougou, garin da Kaka Azumi ba ta taɓa kira da wani suna ba sai Zugu, ba a fara tatsuniya sai an yi sallar isha'i an tura doya cikin toka. Murhun yana kusa da rumfar da ake jera huhunan goro, shi ya sa har yau in ƙanshin ɗanyen ganye ya haɗu da hayaƙi sai in ji gabana ya faɗi. Kaka ba mai tatsuniyar ban dariya ba ce. Yaran maƙwabta suna kwanciya da raha, mu kuwa muna kwanciya riƙe da rigar juna.

Ni da ƙanena Sanusi muka fi zama gabanta. Shi take tsokana da "maigida", shi kuma don kada a ce yana jin tsoro sai ya matsa dab da wuta har gwiwarsa ta yi zafi. Kaka takan gyara itace ta ce, "Ga ta nan tafe da kaya a ka, ku ba ta hanya." Mu ce, "Ta sauke mu gani."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Madugu Jatau, shugaban ayarin fataken goro. A hanyarsu ta Gwanja akwai wani kogi mai mashigi biyu. Na sama yana tsakanin duwatsu masu santsi, ruwa iya wuya, yana ja kamar igiya. Na ƙasa yana can gaba in an bi gaɓa, ruwansa iya gwiwa. Al'adar ayarin ita ce, duk wanda ya haye ta sama da kayansa a ka, madugu zai fasa farin goro ya ba shi ɓari, daga ranar kuma akushi ɗaya za su ci. Jatau ya haye tun yana saurayi, a ranar da kogin ya tafi da wansa.

Da ya zama madugu, dattawa suka roƙe shi ya bar tsofaffi da marasa lafiya su zagaya ta ƙasa, a haɗu a tsallake. A nan Kaka take sauya murya, ta yi ta kauri.

"In kowa ya haye, to ni me na haye? Me wana ya mutu a kai? Wanda ya bi ta ƙasa kada ya ƙara nuna mini fuskarsa."

Haka aka yi. Kowace shekara sai an bar wasu a bakin ruwa, gurgu, ko mai zazzaɓi, ko mace mai goyo. Su bi gaɓa su yi ƙasa, duhu ya rufe su, ba a ƙara ganinsu. Ayari ya yi ta raguwa. Daga baya, duk sa'ad da aka yi zango a bakin kogin, sai a riƙa jin muryoyi daga ƙasa suna kiran mutane da sunayensu. Fatake su toshe kunne da auduga, jakuna su ƙi cin ciyawa.

Jatau ya tsufa, gwiwa ta ƙi. Yaran da ya horar da hannunsa ba su yi masa rashin kunya ba. Suka shimfiɗa masa tabarma a bakin ruwa, suka ajiye masa gora, suka yi masa sallama da ladabi, suka haye ba wanda ya waiwaya. Rana ta faɗi. Sai Kaka ta rage murya har mu miƙa wuya.

"Jatau. Jatau, biyo gaɓa. Ta nan, Jatau."

A nan take tsayawa kullum. Ta sa hannu ta tono doya, tana kakkaɓe toka kamar ba ita ta tayar mana da tsigar jiki ba.

"Kaka, ya je?"

"Ni na sani? Ina can ne? Na sauke kayana, kowa ya ɗauki nasa."

Wata rana Sanusi ya ce, "Ni ba zan je ba. Fatalwa ce ke kiransa." Kaka ta daɗe tana kallonsa, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Maigida, Allah ya bar maka ƙafafunka."

Kaka ta rasu, muka girma, muka koma Parakou. Sanusi ya buɗe shagon wasan bidiyo a unguwar Albarika, telebijin a jere, samari cike tun la'asar. Akwai wani wasa da ya yi suna wurin wuya, mayaƙi ne da takobi, sara biyu ya mutu, a mayar da shi baya. Sanusi ya gama shi. Na ga daren da ya kashe dodon ƙarshe, hawaye a idonsa. Ba zan ce wannan daɗin ƙarya ne ba, don na gani da idona.

Sai waɗanda suka ƙirƙiro wasan suka ƙara masa hanyar sauƙi, wadda samarin ke kira fasil. Gardama ta kaure a shagon har aka daina wasa. Bio, wani bakanike abokin Sanusi da ke zuwa bayan ya tashi daga gareji, yana cikin masu murna.

Ya ce, "Bon, ni na yini ina ɗaure ƙarfe, yatsuna sun mutu. Ƙarshen labarin kawai nake so in gani. Me na rage maka?"

Sanusi ya ce, "In kowa ya gama, to mu me muka gama?"

Ina bakin ƙofa da kwanon sakwararsa a hannu. Shi bai tuna inda ya samo maganar ba, ni kuwa har ƙanshin ganyen goro na ji. A ranar ya kafa doka, ba mai taɓa fasil a shagonsa. Bio ya daina zuwa, wasu ma suka bi shi.

Da damina, Sanusi yana dawowa daga Djougou a kan babur, wajen Bariénou, taya ta zame. Allah ya bar masa ƙafafunsa, kamar yadda Kaka ta roƙa. Hannun dama ne ya nakasa, babban yatsa da na kusa da shi ba sa lanƙwasawa.

Ranar da ya koma shago samarin suka yi masa maraba, suka miƙa masa manet, abin da ake riƙewa a yi wasan. Ya kasa wuce ƙofar farko ta wasan. Ya sake, ya kasa. Ba wanda ya yi dariya, kuma ba wanda ya ce masa ya sa fasil, don shi ya koya musu. Ɗayansu ya karɓi manet ɗin da hannu biyu ya ce, "Patron, mai shago, ka huta." Suka ci gaba da wasansu.

Tun ranar bai ƙara fita ba. Yana ɗaki, labule a sauke, abinci sai na yi da gaske. Ya ce mini, "Yaya, ni tawa ta ƙare." Tsoro nake ji, tsoron da ya fi na gaban murhu, don ina ganin ƙanena yana raguwa a gabana.

Bio ne ya dawo. Kullum bayan magariba sai ya tsayar da babur a bayan tagar ɗakin ya kira. "Sanusi. Sanusi, fito. Na sayi nawa wasan, yana gida, zo mu ga ƙarshen tare." Sanusi ya juya fuska bango, ya toshe kunnuwansa da abin jin waƙa.

A ɗaya daga cikin waɗannan kiraye-kirayen ne na gane abin da ya wuce ni tun ina yarinya. Kaka ba ta taɓa cewa waɗanda suka bi ta ƙasa sun mutu ba. Mu muka kashe su da tsoronmu. Ruwa iya gwiwa ne. Sun haye, suna raye, suna kiran 'yan'uwansu ne. Duk shekarun nan muryoyin nake tsoro, ashe audugar ce abar tsoro.

Jiya na gasa doya na zauna a bakin ƙofarsa, na yi masa tatsuniyar tun daga farko, na tsaya inda Kaka take tsayawa. Can na ji muryarsa, ƙarama, kamar ta yaron da ke matsawa kusa da wuta.

"Yaya, ya je?"

"Ni na sani? Ina can ne?"

Sai ga ƙarar babur ta tsaya a bayan taga. Bio ya kira sunansa. Na ji gadon ya motsa, ban sani ba tashi yake ko juyawa bango. Doyar tana ƙona mini hannu, ban ajiye ta ba.