Mangwaron Baba Bulus

Na yi tafiye-tafiye da yawa a aikin tuƙi, amma ban taɓa mantawa da ranar da na ɗauki kayan Baba Bulus ba. Ku da kuka shigo kwanan nan ba ku san shi ba. Mutumin Adamawa ne, Kirista, shi ke kula da kayan ɗakin gwaje-gwaje a jami'ar nan, har ya yi furfura a cikinmu.

Al'adar sashenmu a lokacin ita ce, in ma'aikaci ya yi ritaya, a ba shi babbar mota da direba su kai masa kaya inda zai zauna. Sau ɗaya ake bayarwa. Mota tamu ce, dizal nasa ne. Kuma daga ya miƙa makullin gidan ma'aikata, shi da gidan sai kallo, don akwai mai jiran shiga.

Da damina ce, a shekarar da mai ya yi tashin gwauron zabo. Shugaban sashen motoci ya kira ni ya ce, "Ado, kai za ka kai Bulus." Na ce, "Wace jiha, ranka ya daɗe?" Ya ce, "Tambaye shi. Ni na gaji da tambaya."

Muka loda kujeru da katifu da tukwane, har da keken ɗinkin matarsa, Mama Saratu. Ya miƙa makulli, suka shigo gaba su biyu. Na tada mota na ce, "Baba, ina muka nufa?" Ya ce, "Mu dai fita tukuna." Ni kuwa ban taɓa ɗaukar kayan da ba su da masauki ba.

Na faka kusa da gada, wajen masu soya kifi, na kashe mota don kada in ƙona masa mai a banza. Sai ya fara magana yana kallon titi.

"Ado, gida babu wuri. 'Ya'yan wana sun gine filin babanmu, ban ji ba sai da suka yi rufi. Jos na so, amma hayar shekara za ta cinye ɗan abin da ke hannuna, fansho kuma ba wanda ya san ranar da zai fara shigowa. 'Yata tana aure a Gombe, ta ce mu zo. In je gidan suruki da tukwane a ka? Ga maganin hawan jinin Mamanku, shi ba ya jiran fansho."

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, kun sani, amma ranar ban matsa masa ba. Hadari ya haɗo daga gabas, tamfol ɗinmu kuwa duk huji. In ruwa ya sauka, katifun nan sun tashi aiki. In na koma da mota, ya rasa damarsa ke nan. Tsoro ya kama ni, har na fara tunanin tawa ritayar.

Sai Mama Saratu ta ce, "Ko ina za mu, ai ba ma tafi ba mu yi wa Malam Sale sallama ba."

Malam Sale manomi ne a Dagumawa. Shi ya ara wa Baba gona tun zuwansa nan Wudil, duk Asabar can Baba yake yini. Na juya mota ba musu, ko ba komai na sami inda zan dosa.

Mun same shi a bakin gonar, ƙarƙashin wasu mangwarori. Bayan doguwar gaisuwa ya dubi kayan ya ce, "Malam Bulus, ina aka nufa?" Mama ta share ido da bakin mayafi. Malam Sale ya gane.

Ya ce, "Wa ya dasa itatuwan nan?"

"Ni ne, Malam."

"To kai da ka daɗe cikinmu, ka taɓa ganin wanda aka ara wa gona ya dasa itace a ciki? Mai aro hatsi yake shukawa, ya girbe ya tafi. Ina tsaye ka kawo dashen nan a bayan babur. Na hana ka?"

Baba ya ce, "Wallahi ban san haka abin yake ba."

"Ni na sani, na kuma yi shiru. Tun ranar na bar maka ita. Ga ɗakunan ɗana can, ya koma Kano, kaji ne ke kwana ciki. Ku shiga kafin ka gina naka. Coci kuwa, babur ɗin da ke kawo ka gona ya san hanya."

Na zaci Baba zai yi murna, sai na ga fuskarsa ta ƙara ɗaurewa. Ya ce, "Malam, na gode. Amma wana ma haka ya ce mini. Bayan ransa fa 'ya'yansa suka gine."

Malam Sale bai ji haushi ba. Ya ce, "Gaskiyarka." Nan take ya aika aka kira mai unguwa da 'ya'yansa maza, ya maimaita maganar a gabansu, aka zaga iyaka, aka sa ranar zuwa wurin dagaci. Ni ma aka ce in zama shaida. Muna shigar da keken ɗinki ruwa ya kece.

Da na koma, shugaba ya ce, "Har ka dawo? Wace jiha ka kai shi?" Na ce, "Jihar Kano, ranka ya daɗe."

Abin da na koya shi ne, wurin aiki mota kawai zai ba ka, ba zai faɗa maka inda za ta tsaya ba. Kuma arhar wuri ba a kasuwa kaɗai take ba, tana wurin mutanen da suka san ka. Ni ma bana saura mini kaɗan in yi ritaya, har yanzu in na tuna sai barci ya ƙaurace mini. Ranar da ɗayanku zai tada mota ya ce, "Baba Ado, ina muka nufa?" ina roƙon Allah ya sa ina da amsa.