Zakin Fannami da Tafkin Bulama

Fannami bai taɓa zama a aji ba, Turancinsa bai wuce gaisuwa ba, amma shekara goma sha uku ya yi yana yi wa mutanen ƙasar Haɗeja fassarar majigi. Ɗan masunta ne daga Guri, wanda taru ya ƙi shi, shi ma ya ƙi taru. Abin da Allah ya hore masa baki ne. Bayan samun mulkin kai, da motar majigi ta fara zagaya ƙauyuka, aka nemi mai riƙe lasifika, sai aka ce ai ga Fannami can bakin kasuwa yana zuba kyauta.

Aikinsa shi ne ya bayyana fim ɗin rigakafi da na takin zamani. Amma ba don taki mutane ke shimfiɗa tabarmi tun la'asar ba. Akwai wasu zanannun namun daji da ake sakawa a ƙarshe, kashi-kashi: zaki mai tumbi, shi ne sarki, ga giwa, ga birai marasa kunya. Dukansu da Turanci suke magana, ta hanci. Fannami sai ya sa Bala, mai kula da injin, ya rage muryarsu, shi kuma ya cusa musu tasa maganar a baki. A rugar makiyaya zakin ɓarawon shanu ne. A Kirikasamma ya zama mai awon gyaɗa da ke danne sikeli da gwiwa.

Wata shekara bayan ruwa ya janye, suka sauka a wani ƙauye da ƙanwarsa Zaituna ke aure. Al'adar garin, in ambaliya ta koma ta bar tafki cike da kifi, ba mai taɓawa sai Bulama, mai garin, ya sa ranar su, wato kamun kifin gayya, kowa ya shiga da komarsa. A wannan shekarar Bulama Shu'ibu ya ƙi sa rana, yana jiran wasu baƙin masunta da ya yi wa alkawari. Tafki kuwa sai ƙafewa yake.

Zaituna ta ajiye masa tuwo ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, miya lami ce. Kifi na can yana mutuwa, mu muna nan muna kallo."

Abin ya yi wa Fannami ciwo ƙwarai. Ya tafi mota ya zaro kashin da zaki ke kewaye itacen ɓaure da ƙaya, ya hana kowa ci.

Bala ya ce, "Bulama a gaba zai zauna fa. Takarda ɗaya zai aika Haɗeja, kai da lasifika sai dai ka hango ta a hannun wani."

Fannami dai ba shi da wata sana'a. Amma ya ce a saka.

Bayan magariba zaki ya bayyana a jikin farin ƙyalle. Fannami ya kumbura murya: "Ɓauren nan nawa ne! Kowa ya dakata sai na sa rana!" Ya siranta ta, ya zama biri: "Ranka ya daɗe, ɓaure fa ba ya jiran rana."

Ba wanda bai gane ba, ba kuma wanda ya isa ya yi dariya. Ruɓaɓɓen ɓaure ya yi ta faɗo wa zaki a ka, ƙudaje suka rufe shi, ya ruga yana kaɗa wutsiya.

Sai Bulama ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace. "Wallahi wannan Bulaman ƙetare ne! Har tafiyar tasa!"

Nan fa gari ya ɓarke da dariya. Washegari da hantsi aka kaɗa gangar su, Zaituna ta yi miyar tarwaɗa har ta aika wa maƙwabta.

Fannami ya ci gaba da riƙe lasifika har arzikin man fetur ya kawo talabijin, motar majigi ta mutu aka jingine ta. Ya koma Guri yana sayar da bandar kifi, bakin nan dai bai mutu ba. In an tambaye shi ranar da ya fi jin daɗin aikinsa, sai ya ba da labarin yadda suna ɗaure kaya a wancan ƙauyen Bulama Shu'ibu ya zo da kansa, riƙe da ƙaton kifi. Ya miƙa masa, ya ja shi gefe inda ba mai ji, ya ce, "Fannami, gaba in za ka nuna zakin nan, ka rage masa tumbi. Nawa bai kai haka ba."