Ƙaurar Inuwa daga Gonar Iya Dije

Mutum uku ne a cikin abin da zan tuna. Akwai Iya Dije, mahaifiyar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami, take kuma kirana "maigida" irin tsokanar kaka da jika. Akwai Baffa Sani, ɗanta na fari, wanda gonarmu ta bayan Chaza ta koma hannunsa. Sai Buba, makiyayin da shanunsa ke sauka a gonar bayan kowane girbi, kamar yadda na mahaifinsa suka riƙa sauka a zamanin kakana.

Iya mai daddawa ce. Kalwa kuwa ba ta san gaggawa ba, don haka idan aka aza tukunyarta da la'asar, wutar takan kai isha'i tana ci. A gefen murhun nan muke zama, mu jikoki. Hayaƙi ya miƙe a hankali, ƙamshin kalwa ya cika tsakar gida, hasken motocin da ke komowa daga Abuja ya riƙa shafar saman katanga yana wucewa. A lokacin nakan ɗauka taurari ne suka sauko neman hanya.

"Ga baƙuwa a ƙofa," Iya za ta ce, haka take buɗe tatsuniyarta.

"A shimfiɗa mata tabarma," mu amsa.

"Maigida, rufe bakin nan. Ban auri mai hamma ba."

Wani manomi ne, in ji ta, ya ga dawar da ke ƙarƙashin ɗorawa ba ta kai ta fili tsawo ba. Sai ya ce inuwa ce ke cin rabonsa. Ya sare ɗorawa, ya sare kaɗanya, ya sare kawo, ya toshe burtali da ƙaya don kada saniya ta sake ratsowa. Da yamma ta yi, inuwoyin suka tashi daga ƙasa, suka naɗe kansu kamar tabarmi, suka kama hanya. Raɓa ta ce ba ta kwana inda babu inuwa, ta bi su. Tsuntsaye suka bi raɓa. Baƙar ƙasa ta jira ruwan farko, ta hau bayansa, ita ma ta tafi. Aka bar manomi da jar tsakuwa da gatarinsa.

Ya bi sawunsu har bakin wani rafi, ya tarar da su kwance kewaye da wata tsohuwar saniya. Saniyar ta ce masa: "Za su koma, amma da sharaɗi. Ni in ci kara, in bar maka taki. Itace ya ba ni ganye, rabi bana, rabi baɗi. Kai kuma idan ka ga kututture ya yi toho, ka ɗaura masa tsumma, don mai sassabe ya san yana da uwa."

"To, sun koma?" na tambaya.

Iya ta tura itace cikin wuta. "Inuwa ba ta riƙo, maigida. Sai dai tafiyarta a guje ne, komowarta da rarrafe. Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, a tashi a kwanta."

Na daɗe ban gane cewa labarin gonarmu take ba mu ba. Da rani Buba yakan riƙa sauya wa shanunsa makwanci a cikin gonar, har taki ya game ko'ina. Idan kara ya ƙare, ya hau kawo ya sassare rassan gefe guda kawai. "Inna, bana gabas na ci, yamma ta baɗi ce," yakan ce. Ita kuma ta amsa: "Ka faɗa wa shanunka, su ne ba su san gabas ba." Ya ajiye ƙwaryar nono, ta cika masa ita da daddawa. Tsofaffin zannuwanta kuwa a jikin toho suke ƙarewa, suna kaɗawa kamar ƙananan tutoci.

Ina jami'a, ina karatun noma da gandun daji, Allah ya yi mata rasuwa. Baffa Sani ba mugu ba ne. Bakuna ne suka yi masa yawa, ya so ya faɗaɗa masara. Mai motar noma ya ce ba zai iya juyawa tsakanin itatuwa ba. Sai aka kira masu gawayi suka sare su, aka kuma ja shinge. Buba ya kora garkensa wajen Lambata. Damina biyu masara ta yi kyau. Daga nan ta fara fitowa rawaya, ruwa kuma ya tsaga gonar gida biyu.

Da na kammala karatu muka zagaya ta tare da Baffa. Babu inda za mu fake wa rana.

"Ɗana," ya ce, "cikin abin da kuka karanta, akwai maganin wannan a buhu?"

Na ce babu. Malamaina sun ba wa maganin sunaye masu tsawo, amma sharaɗin saniyar nan ne, babu ragi, babu ƙari. Na nuna masa wasu kututture huɗu da suka fitar da toho. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Washegari shi da kansa ya zo da ragowar zanen mahaifiyarsa, ya yage shi, muka ɗaura. Ya buɗe shingen, ya aika wa Buba. Amsar ta dawo a taƙaice: yana gaida gida, zai zo, amma sai inuwa ta riga shi isowa.

Yanzu rarrafen muke jira. Tohon bai kai gwiwata ba, inuwarsa ba ta fi tafin hannu ba, amma da asuba nakan sami raɓa a ƙarƙashinta.

Abin da ya tafi kuwa ga shi: ɗorawa tara, kaɗanya goma sha huɗu, kawo uku, garke ɗaya, murhu ɗaya.