Rabon Masu Daka

Shekarar da aka ce ba a karɓar haraji da kuɗin wuri sai da farin kuɗin Nasara, ina fataucin albasa ne, in ɗoro wa jakuna daga Aliero in kai kasuwar Jega. Kuɗin wurin da na tara ya koma kamar tsakuwa. Sai ka zube tuli guda kafin mai canji ya miƙo maka sule yana yatsina. Na dawo gida da wannan haushin, na sauke shi a kan tukunya. Na koma auna geron tuwo da hannuna. Na yanka alama a jikin tsinke, kullum in tsoma shi cikin tandun mai in ga inda ya sauka. Abokan zamana na zaure suna ta yaba mini, wai na iya riƙon gida. Har yau in na tuna bakinsu raina ɓaci yake, don babu ɗaya da ya ce mini in ji tsoron Allah.

Ana cikin haka matata ta haifi ɗa namiji. Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu, tana zaune a gidana tun da mijinta ya rasu, ita ce mai riƙe hidimar suna. Ta ce in sayo alkama da zuma a yi alkaki.

Na ce, "Alkaki, Yaya? Da kunnen jaki zan biya?"

"To mi kaka so a ba mutane? Albasa?"

"Abin da ba a saye da sule."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Buɗe min rumbu."

Ta ɗebo aya da gyaɗa da wake, duk na gonata. Ta ce aya za ta zama dakuwa, gyaɗa a matse ta a yi ƙuli-ƙuli, man da ya fito a soya ƙosai da shi ranar suna. In ban da gishiri da barkono ba ta sa na sayi komai ba. Ko na gode ban ce ba.

Ana gobe suna matan unguwa suka cika gidan da turamensu. A wajenmu macen da ta zo taya daka ba a biyanta. In an gama sai a zuba mata nata a ƙoƙo, tun kafin baƙi su ɗanɗana, ta kai wa 'ya'yanta. Na san wannan sarai. Ina yaro irin wannan rabon Yaya ke kawo mini daga gidajen mutane in ci in lashe hannu.

Da la'asar ina zaure sai na ga mata suna fita, kowacce da ƙoƙo a rufe da faifai. Ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Kaina ya shiga lissafin mudun aya nawa ke fita ta ƙofata. Na miƙe na tare hanya, na ce duk su koma ciki. Na bi su har tsakar gida, cikin matan mutane, ba ko sallama. Na karɓi ƙoƙunan ɗaya bayan ɗaya na juye cikin babbar ƙwarya.

Yaya ta taso daga bakin murhu, gumi na zuba.

"Ƙanena, mi kaka yi haka? Rabonsu ne."

"Rabon wa? Su sunka noma? Da ma haka kike yashe min gida!"

Wata tsohuwa da ta wuni tana matsar gyaɗa ta miƙo mini tafin hannunta, ta ce, "Ga sauran manka nan, maigida. Kankare."

Ba wadda ta yi dariya. Suka kwantar da turamensu suka mirgina su zuwa waje. Yaya kuwa ta koma bakin murhu. Gashin kanta da furfura, na kira ta ɓarauniya a gaban matan da ta shekara tana taya su daka don irin wannan ranar.

Da safe maza suka zo, aka raba goro, aka raɗa suna. Cikin gida shiru. Waken da aka jiƙa yana jiran masu niƙa, ba mace ko ɗaya da ta leƙo. Yaya ta durƙusa a kan dutse ita kaɗai, ta niƙa abin da hannunta ya iya, sauran ya yi tsami aka zuba wa awaki. Dakuwar da na ƙwato ta zauna a ƙwarya ba mai ci. Matata na ɗaki tana kuka, danginta na tambayar ko rasuwa aka yi a unguwar.

Da aka watse Yaya ta wanke kaskon suya ta kife, ta ɗaure kayanta, ta tafi Maiyama wajen ɗiyarta.

Sai bayan kaka na iya bin ta. A hanya na shirya maganganu, har da na haraji, kamar harajin ne ya juye ƙoƙunan. Ta amsa gaisuwata kamar ta baƙo. Na ce ta yafe mini ta dawo gida. Ta ce ta yafe, amma ba za ta koma inda ba ta iya haɗa ido da maƙwabta ba. Sannan ta shiga ciki ta fito da ƙoƙo cike da dakuwa, ta ajiye a gabana.

"Ci," in ji ta. "Ban ƙirga ba."

Na ci. A can Maiyama ta zauna har Allah ya karɓi ranta, ba ta sake taka gidana ba.